Maganin Matar Nan Mai Jar Lema

Yayata Bernice ta girme ni da shekara huɗu, kuma tun muna yara ba ta taɓa bari na manta da hakan ba. Shekara talatin da ɗaya ta yi tana aiki a gidan waya na garinmu, nan Iowa ta Amurka, har ta san wanda ɗansa ya daina rubuto masa wasiƙa tun kafin shi kansa ya lura. Titi ɗaya muke, gida shida ne tsakaninmu. A gidan nan nata ta goyi ɗanta Curtis, a cikinsa mijinta Alvin ya cika, kuma ta sha faɗa a gaban kowa cewa ba mai fitar da ita daga cikinsa tana numfashi. In ta faɗi haka ba wasa take ba. Ta ga yadda aka kai mahaifiyarmu gidan kula da tsofaffi, ta ga yadda ta ƙare a can cikin wata tara.

Shekara uku bayan rasuwar Alvin, da sanyi ya shigo, sai Yaya ta fara canzawa. Matar da ke tashi ƙarfe biyar ta toya burodi, sai in je ƙarfe goma in same ta a kujera da rigar sanyi biyu da bargo a gwiwa. Ta daina zuwa ɗinkin barguna da muke yi mu mata a coci kowace Talata. In na yi mata magana sai ta daɗe kafin ta amsa, muryar ma ta yi kauri. Rannan na ce mata tuffa sun yi araha, ta kalle ni ta ce, "To." Yaya Bernice ce fa, wadda kan farashin tuffa kaɗai tana iya yin minti ashirin.

Ni kuwa na ɗauka na san ciwon, don na taɓa kwanciya da irinsa. Lokacin da mijina Lyle ya rasu, wata huɗu na yi ba na buɗe labule. Wata rana na ga tallan wani magani a talabijin, na rubuta sunan, na kai wa likita, ya rubuta mini. Allah ya sani maganin nan ya tashe ni. Har yau ba zan ce komai a kansa ba sai alheri. Shi ya sa da na ga Yaya a kujera, ban tsaya tunanin wani abu ba.

A wannan lokacin akwai tallan da ake sakawa kullum da yamma kafin labarai. Wata mata ce tsaye a bakin taga, komai toka-toka, ruwa na zuba. Murya mai taushi tana tambaya: "Gajiya ta hana ka sakat? Abin da kake so da, yanzu ba ya burge ka? Barci ya yi maka yawa?" Sai matar ta buɗe jar lema ta fita, duniya ta yi launi, ga jikoki, ga kare. Daga nan wata murya ta jero illolin maganin da gudu, amma wa ke saurare, ana kallon jikoki? A ƙarshe a ce, "Tambayi likitanka." Mu a garinmu ba ma wahalar riƙe sunayen nan masu karya harshe. Da hotonsu muke kiransu. Na mai jar lema, na tsoho mai kwalekwale, na masu rawa a lambu. Ko a kantin magani ka ce na mai jar lema, sun san abin da kake nufi.

Na kwafi sunan harafi-harafi, na samo mata ranar ganin likita, na ɗauke ta a motata. Da muka isa ƙaramin asibitin garinmu, kafin mu fita daga mota, sai ta zaro wani ambulan daga jaka. A bayansa ta jera abin da ke damunta, ɗaya zuwa bakwai, da rubutun nan nata na gidan waya.

Na ce, "Mu gani, Yaya."

Ta miƙo. Na karanta, na yi dariya. "Jin sanyi? Muna cikin Janairu, ko karen maƙwabta sanyi yake ji. Zubar gashi? Shekararki saba'in da huɗu, so kike ki yi kitso har gadon baya? Rashin bahaya kuma ai ruwa ne ba kya sha."

Ta ce, "Ba ni abina, Auta, sarkin sani."

"Ki saurare ni. Dakta Halvorsen gari uku yake dubawa. Minti goma sha biyu yake ba kowa, na ƙirga. In kika shiga da wannan dogon labarin, lokacinki zai ƙare a kan gashi, ki fito da man shafawa. Abu uku za ki ce: gajiya, yawan barci, ba abin da ke burge ki. Sannan ki miƙa masa wannan sunan. Haka ake yi yanzu. Likita yana son wanda ya san abin da ya kawo shi."

Da Yaya ta da ce, da ta ƙwace takardarta ta kore ni gida. Amma ba ta da ƙarfin gardama. Ta ce, "To." Na cusa ambulan ɗin a aljihun rigar sanyina, a ƙofar shiga na jefa shi a kwandon shara.

Abin ya tafi yadda na tsara. Nas ta ba ta wata takarda mai tambaya tara ta cike tun muna zaune, duk kan gajiya da barci da cin abinci. Likita ya shigo, mutum mai kirki, idonsa rabi a kanmu rabi a kan kwamfuta. Ya duba takardar, ya ji abu ukun nan, ya ji cewa mijinta ya rasu, ya karɓi sunan. Ya ce, "Wannan ɗin? Ke ce ta huɗu a satin nan. Ba laifi, magani ne mai kyau, mu gwada shi." Minti goma ba su cika ba muka fito. A mota har ina yi mata tsiya, "Kin gani? Da yanzu muna kan lamba biyu."

Sati shida ba canji. Na buga waya asibiti, aka ƙara yawan abin da take sha. Dusar ƙanƙara ta narke, manoma suka shuka masara, Yaya tana nan a kujera da bargonta. A watan Mayu sai ga wani sabon talla, na wani mutum da ke yawo da ɗan girgije a saman kansa. Muryar ta ce, "In kana shan maganin damuwa amma har yanzu ba ka warware ba, wataƙila shi kaɗai bai isa ba. Tambayi likitanka ko za a haɗa maka da wannan." Na ce, ai kuwa da Yaya ake. Na sake kwafar suna, na sake kai ta. Wannan karon likita ya ɗan yi jim. Ya ce maganin yana da ƙarfi ga mai shekarunta. Ni na ce masa, "Likita, wata huɗu ke nan matar nan ba ta yi dariya ba. Mu zuba mata ido ke nan?" Ya kalle ta, ya kalli agogo, ya ce za a fara da kaɗan.

Kafin ƙarshen Agusta hannunta ya fara rawa, kofi yana zuba a faranti. Tafiya ta koma jan ƙafa. Sannan bakinta ya fara motsi shi kaɗai, kamar mai tauna abin da babu. Wata Asabar da rana ta ɗora miya a wuta ta koma kujera, hayaƙi ya cika kicin, sai maƙwabciya ce ta ji ƙarar na'urar gargaɗin hayaƙi ta shigo da gudu. Ita ta kira Curtis.

Curtis a Omaha yake aiki, tafiyar awa uku. Ya zo ya ga tukunya baƙa ƙirin, ya ga uwarsa tana tauna iska, ya fita bayan gida ya daɗe a tsaye. Da ya dawo ya ja ni gefe.

"Inna Verna, Mama ruɗewar tsufa ta kama ta. Irin ta Kaka ce sak."

"Kai, rufa mana asiri. Damuwa ce kawai, magani ne bai gama kama ta ba."

"Wata takwas? Yau tukunya ce, gobe gidan ne da ita a ciki."

Cikin kwana goma ya samo ɗaki a wani gidan kula da tsofaffi kusa da shi. Suka ce za su riƙe masa ɗakin zuwa Juma'a, in ya wuce su ba na bayansa, kuma layin jira yana iya kai shekara. Abin da ya rage shi ne likita ya cike musu takarda cewa ba za ta iya zama ita kaɗai ba. Da ya gaya mata, ba ta yi faɗa ba. Ta ɗora hannunta mai rawa a kan teburin kicin, ta bar shi a nan, hawaye na bin kumatunta. Ni da na san ta shekara saba'in, sau biyu na taɓa ganin kukanta kafin wannan.

Ranar Laraba muka tafi asibiti mu uku. A ɗakin jira akwai talabijin a bango, kullum a kunne. Ina zaune, jakata a cinya, sai ga wani talla da ban taɓa gani ba. Wata mata a wurin biki tana rufe bakinta da hannu. Muryar ta ce, "Bakinka ko harshenka yana motsi ba da sonka ba? Wasu magungunan damuwa da na ƙwaƙwalwa suna iya jawo hakan. Tambayi likitanka game da..."

Ku ji abin da na yi. Biro na zaro. Hannuna da kansa ya nemo takarda, har na rubuta harafi biyu na sunan. Sai maganar ta iso kaina: magungunan ne suke jawowa. Na juya na kalli bakin Yaya. Na farko ni na kawo, na biyu ni na kawo, ga shi ina rubuta na uku don ya gyara ɓarnar na biyu. Nas ta leƙo ta kira sunan Yaya.

Dakta Halvorsen ya riga ya buɗe takardar gidan tsofaffin. Ya tambayi Yaya ranar wata, ta kuskure da kwana tara. Ya ba ta kalma uku ta riƙe, ta dawo da ɗaya. Curtis yana kallon ƙasa. Likita ya fara bugawa a kwamfuta.

Na ce, "Likita, dakata. Akwai abin da ban bari ka ji ba."

Curtis ya ce, "Inna, don Allah ba yanzu ba."

"Yanzu ne. Ran da muka fara zuwa, a Janairu, Yaya ta rubuto abu bakwai da ke damunta. Ni na karɓe takardar na yar. Ni na zaɓa mata uku, na cikin talla, na ce su kaɗai za ta faɗa."

Ya janye hannunsa daga kwamfutar, ya juyo da kujerarsa gaba ɗaya. Tun da muke zuwa ban taɓa ganin ya juyo haka ba. "Mene ne sauran huɗun, Mama?"

"Jin sanyi, ko da an kunna na'urar ɗumama gida. Gashinta yana zuba. Ba ta samun bahaya." Na tsaya, na huɗun ya ɓace mini.

Sai muka ji muryar Yaya, a hankali, da kauri. "Ƙafa. Na rubuta ƙafafuna suna kumbura. Lamba shida."

Likita ya tashi. Ya taɓa gaban wuyanta ya ce ta haɗiyi yawu. Ya riƙe wuyan hannunta yana kallon agogo, ya daɗe. Ya shafa fatar hannunta, ya dubi girarta, ya danna ƙaurinta da yatsa. Sannan ya koma ya duba bayananta na baya.

Ya ce, "Shekara huɗu rabon da a gwada jininta."

Curtis ya ce, "Me ke nan?"

"Akwai wata 'yar tsoka a gaban wuya, wadda in ta kumbura ake cewa maƙoƙo. Ita ke ba jiki ɗumi da kuzari. In ta yi rauni, mutum ya yi ta jin sanyi da gajiya, tunani ya yi nauyi, har a ɗauka damuwa ce ko ruɗewa. Ban ce ita ce ba, sai na ga jini. Amma rawar hannu da motsin bakin nan, ina kyautata zaton ƙwaya ta biyu ce." Ya dube ni. "Mama, laifin ba naki ne ke kaɗai ba. Tambaya aikina ce, ban yi ba. In mutum ya shigo da suna a hannu, daga sunan hirar ke farawa. Da yawa kuma ba don tallan ba da ba su taɓa zuwa ba, kuma da gaske suna buƙata. Sai na saba."

Ya ce ba zai sa hannu a takardar ba sai sakamako ya fito. Minti goma sha biyu sun daɗe da wucewa, nas ta leƙo sau biyu.

A wurin ajiye motoci Curtis ya zaunar da uwarsa, ya rufe ƙofa, ya juyo gare ni. Yaron da na yi wa wanka ne ya tsare ni da ido.

"Kin yar da takardarta."

"Na yar."

"Wata takwas, Inna. Kin ga bakinta?"

Ya zagaya ya shiga mota.

Ranar Alhamis da la'asar likita ya kira da kansa. Muna kicin ɗin Yaya, Curtis ya buɗe sautin wayar kowa ya ji. Tsokar ce, ta kusa daina aiki gaba ɗaya. Za a ba ta wata 'yar ƙwaya kowace safiya, a fara da kaɗan saboda zuciya, a riƙa ƙarawa. Ƙwaya ta biyu za a janye ta sannu a hankali, kada kowa ya tsayar da komai da kansa. Sai an yi wata biyu ko uku kafin a san yawan abin da zai dawo.

Curtis ya ce, "Tunaninta zai dawo?"

"Ina sa rai. Alkawari ne ba zan yi ba."

"Bakin fa?"

"Wasu yana tafiya. Wasu ba ya tafiya."

Da aka kashe waya Curtis ya dafe kansa. "Gobe Juma'a. In na saki ɗakin nan, tunaninta bai dawo ba, ina zan kai ta? Ba zan iya barin aiki wata uku ba. Wa zai zauna da ita?"

Na ce, "Ni. In rufe gidana in dawo nan."

"Ke?" Ya yi wata irin dariya marar daɗi. "Ke da kika kai ta nan?"

Gaskiya ya faɗa. Yaya tana ta ƙoƙarin haɗa magana, muka jira ta.

Ta ce, "Curtis." Ya ɗago. "Ba ni da wata ƙanwar. Wannan ɗin ce, da ita zan yi maneji." Ta huta. "Ka ba ni zuwa Kirsimeti. In na sake ƙona tukunya, da ƙafata zan shiga motarka."

"Mama, in wani abu ya same ki..."

"A gidana zai same ni."

Ya tashi ya fita, muna hango shi ta taga yana kai da komo a tsakar ciyawa. Ranar Juma'a da safe ya kira mutanen Omaha ya ce su ba wani ɗakin. Kafin ya tafi ya sa mini sharaɗi a gaban uwarsa: duk zuwa asibiti zai kasance a kan waya yana ji, kuma Yaya ce za ta yi magana, ba ni ba. Na amsa. Ya rungumi uwarsa, ni kuma ya ɗaga mini hannu daga mota.

Na kwaso kayana na tare a tsohon ɗakin Curtis. Satumba ba mu ga komai ba, sai da Oktoba ta raba sannan ta cire rigar sanyi ɗaya. Rawar hannun ta ragu. Wata safiya a Nuwamba na fito na tarar ta riga ni tashi, ta zubar da kofin da na haɗa tana sake wani, tana mita wai shekara saba'in ban iya auna garin kofi ba. Na koma ɗaki na zauna a bakin gado har sai da idona ya bushe.

Bakin bai tafi ba. Ya ragu, amma yana nan. Ta koma coci, tana zama a layin baya, amma ba ta tsayawa cin abinci da jama'a, kuma in baƙo ya zo takan riƙe hankici a haɓa. Ba ta taɓa ce mini ta yafe ba, ni ma ban roƙa ba, don ban ga ranar da na cancanci tambaya ba tukuna.

Curtis ya zo Kirsimeti da matarsa. Ya ci abinci, ya duba kicin, ya zauna da uwarsa suka yi hira mai tsawo, ta gyara masa sunan wani malaminsu na firamare da ya manta. Bai ta da maganar Omaha ba. Washegari da zai tafi, yana ɗaure igiyar takalmi a bakin ƙofa, ya ce ba tare da ya dube ni ba, "Inna Verna, tagar ɗakin da kike kwana tana shigar da iska. Ki bari in na dawo a Fabrairu in gyara miki."

Yaya ta ce daga kicin, "Ka gyara da kyau. Ba inda za ta."